Daga Akwatin Bango Zuwa Wi-Fi: Yadda Magana Ke Shiga Gidan Siminti a Kano

A shekarar 1944 ne ma'aikatan gwamnatin mulkin mallaka suka fara kafa lasifikoki a jikin bangayen birnin Kano. An maƙala su a wajen majalisar Sarki, da ɗakin karatu, da gidan waya, da wasu wuraren taruwar jama'a, kamar yadda Brian Larkin ya kawo a littafinsa Signal and Noise na 2008. Zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, Yaƙin Duniya na Biyu kuma bai ƙare ba, don haka Turawa suna son labarin fagen daga ya riski talakawa ta bakin Landan kafin jita-jita ta riga su. Abin lura shi ne, wannan rediyo na farko ta waya yake zuwa. Akwai tasha guda mai babban akwatin kama shirye-shirye daga Ingila, daga can sai a ja waya bisa turaku zuwa kowace lasifika. Mai hali yakan biya kuɗin wata a ja masa wayar har gida, a huda bango, a rataye masa akwati. Akwatin ba shi da wurin sauya tasha. Iyakar ikon mai gida ya ƙara murya, ko ya rage, ko ya kashe.

Bayan shekara tamanin, a birnin dai, ana iya ganin ɗan kasuwa ya fito daga shagonsa da ke ƙasan bene, ya ɗaga na'urar POS sama kamar mai duban jinjirin wata, yana jiran sabis ya kawo, abokin ciniki kuma na tsaye da ƙunshin atamfa a hannu. Tsakanin waɗannan hotuna biyu akwai tambaya: me ya sa muryar da ta taso daga wata nahiya take shiga ɗakin ƙasa ba tare da sallama ba, amma saƙon na'urar da ke ɗakin kusa ya kasa ƙetare bango biyu? Amsar tana cikin tarihin rediyo, tana kuma cikin tarihin gini.

Bangon ƙasa da gajeren zango

Maginin Hausa na da, da ƙasa yake aiki. Yana kwaɓa ta da ciyawa, ya mulmula tubali, ya shanya, ya jera, ya yaɓe, sannan ya rufe soro da azara, ya shafe waje da makuba ko laso don maganin ruwan damina. Bangon babban gida yakan yi kauri ƙwarai daga tushe, ya riƙa sirancewa yayin da yake hawa. In ban da 'yan ƙusoshi da ƙyauren ƙofa, da wuya a samu ƙarfe a jikin ginin gaba ɗaya. Tsarin gidan ma a buɗe yake: zaure, sai shigifa, sai tsakar gida da ke kallon sararin samaniya.

Cikin irin wannan gida ne rediyo mai batir ya shigo. An ƙirƙiro tiransisto a Amurka a 1947, kuma kafin shekarun 1960 su yi nisa ƙaramin akwatin da ake rataya a kafaɗa ko a ɗaure a kan keke ya bazu a ƙasar Hausa. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki ranar 13 ga Maris, 1957. Gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. Jamusawa suka kafa wa Deutsche Welle tashar miƙa shirye-shirye a Kigali a 1965, BBC ta kafa tata a tsibirin Ascension da ke tsakiyar tekun Atilantika a 1966. Daga baya, a 1981, gidan rediyon Africa N°1 na ƙasar Gabon ya fara watsa shirye-shirye cikin Faransanci daga Moyabi, da na'urori masu ƙarfin kilowat 500, ana kama shi a Maraɗi da Damagaram da Kano, nisan da ya haura kilomita 1,500. Da wannan sai akwatin bango ya zama tsohon yayi, domin wanda ya ɗanɗana zaɓen tasha da hannunsa ba ya komawa ga wadda aka zaɓa masa.

Dukkan waɗannan tashoshi na nesa a gajeren zango suke magana. Saƙon rediyo yana tafiya ne igiya-igiya, kamar yadda ruwan tafki ke yi idan an jefa dutse, kuma kowace igiya tana da tsawonta. Igiyoyin gajeren zango suna da tsawon mita 49, ko 31, ko 25, ko 19, suna hawa sama su bugi wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki, su dawo ƙasa can nesa da inda suka taso. Igiyar da ta kai mita 49 ta fi gidan talaka tsawo, busasshen bangon ƙasa bai zama mata komai ba. Shi ya sa manomi a ƙuryar ɗakinsa yake jin Kaduna da Landan garau, sai dai ɗan shuuu da ƙugi in hadari ya haɗo.

Ɗalibin harshe zai so ya tsaya kan kalmar “mita”. A wancan zamani, in mai gabatarwa ya ce ana sauraronsa a kan mita 49, tsawon igiyar yake nufi, kuma daidai ya faɗa. Da tashoshin FM suka zo, sai kalmar ta bi su. Gidan rediyon Freedom da aka buɗe a Kano a 2003 ana cewa yana kan “mita 99.5”, alhali wannan adadi yawan kaɗawar igiyar ne, wato sau miliyan 99.5 a daƙiƙa guda, tsawonta kuwa kimanin mita 3 ne kacal. Kalmar ta bar ma'anar awo ta koma nufin mazaunin tasha a jikin akwati. Haka nan “waya”: asalinta zaren ƙarfe ne, daga nan ta zama tangaraho, ta zama tarho, yau kuma ita ce sunan abin da ke aljihu wanda ba a haɗa shi da zaren komai ba.

Zuwan siminti

Simintin da ake gini da shi yanzu ya samo sunansa da asalinsa ne daga lasisin da wani birkila ɗan Ingila, Joseph Aspdin, ya karɓa a 1824. Dabarar cusa ƙarfe cikin kankare kuwa ana jingina farkon bunƙasarta ga Bafaranshe Joseph Monier, mai aikin lambu, wanda ya yi rajistar tukwanen shuka masu ragar ƙarfe a 1867. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ya sauƙaƙa kawo siminti da kwano daga gaɓar teku, amma shekaru da dama kayan gwamnati ne da kamfanonin Turawa da 'yan Kwara. A farkon shekarun 1950 aka sāke gina babban masallacin Juma'a na Kano da kayan zamani, talakan birni ya ga abin da siminti ke iya yi a tsakiyar garinsu.

Masana'antu suka biyo baya. An buɗe ta Nkalagu a 1957, ta Ewekoro a 1960. An kafa kamfanin simintin Arewa a 1962, masana'antarsa da ke Kalambaina a Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979. A Nijar akwai ta Malbaza. Sai dai abin da ya sauya fuskar birane da gaske shi ne kuɗin man fetur. A 1975, ƙarshen mulkin Janar Yakubu Gowon, hukumomin gwamnati sun yi odar siminti kusan tan miliyan 20 daga waje, jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar Legas, wasu wata da watanni, har simintin ya daskare a cikin wasunsu. Ɓarna ce babba, amma ta nuna irin ƙishirwar da ake yi. Daga lokacin gidan bulo ya zama shaidar arziki, gidan ƙasa ya zama abin da ake neman rabuwa da shi. Ko masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1970 an lulluɓe shi da sabon gini na siminti, abin da ya rage na tsohon ya koma ciki kamar ƙwaya a cikin ɓawo.

Babu wanda ya yi tunanin rediyo a lokacin da ake wannan sauyi, kuma babu dalilin yin haka. In akwati ya fara shuuu a cikin bene, sai a zare eriya ko a matsa kusa da taga.

Abin da kankare ke yi wa igiya

Tun kafin a san rediyo aka gano rabin matsalar. A 1836 Michael Faraday ya gina wani ɗaki mai faɗin ƙafa 12 a Landan, ya lulluɓe shi da ƙarfe, ya shiga ciki da kayan awonsa, aka sakar wa jikin ɗakin lantarki mai ƙarfi. Tartsatsi na tashi a waje, amma a ciki kayan awon ba su motsa ba. Bayan shekara hamsin, a 1887 da 1888, Heinrich Hertz ya nuna a birnin Karlsruhe na Jamus cewa igiyoyin da yake samarwa suna ratsa ƙofar katako, amma in sun tarar da faifan ƙarfe sai su yi tsalle su dawo, kamar haske a madubi. Ba dole ƙarfen ya zama rufaffe ba. Raga ma tana tsare duk igiyar da ta fi idanunta girma sosai.

To, dekin bene raga ce. Ana jera rodi a tsaye da kwance, tsakaninsu kamar taƙi guda, a ɗaure, sannan a zuba kankare. A ƙara da rufin kwano, da ƙyauren ƙarfe, da ƙarafan taga na maganin ɓarayi, sai a ga mai gida ya gina wa kansa ɗakin Faraday da kuɗinsa ba tare da ya sani ba. Doguwar igiya tana cin karo da wannan raga. Gajeriyar da za ta iya kurɗawa ta idon ragar kuwa, kankaren da kansa ke cinye ta, domin yana da nauyi kuma yana riƙe da danshi a cikinsa, ruwa kuwa yana shanye ƙarfin gajerun igiyoyi ya mayar da shi zafi. Da wannan halin ne tukunyar lantarki mai ɗumama abinci take aiki. Gwaje-gwajen da hukumar awo ta Amurka, NIST, ta wallafa a 1997 sun tabbatar da cewa asarar tana ƙaruwa da kaurin kankare, tana kuma ƙaruwa yayin da igiya ke gajarcewa.

Injiniyoyi suna auna wannan asara da desibel, lissafinsa kuma yana da ruɗi ga wanda bai saba ba. In an rasa desibel 3, rabin ƙarfin ya tafi. In an rasa 10, kashi ɗaya cikin goma ya rage. In 20 ne, ɗaya cikin ɗari. In 30 ne, ɗaya cikin dubu. Ba abin mamaki ba ne bango guda na zubin kankare mai rodi ya cinye wa Wi-Fi desibel 20, na biyu ya sāke cin irinsa daga ɗan abin da ya tsira. Bulo mai rami ya fi sauƙi, shi ya sa sau da yawa saƙo ke tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki amma ya ƙi hawa sama ko sauka ƙasa.

Adalci ya sa a ambaci cewa bangon ƙasa ma ba waliyyi ba ne a wannan fage. Kakkauran bangon da ya sha ruwan Agusta yana iya danne gajeriyar igiya sosai. Sa'arsa ita ce ya yi zamani da dogayen igiyoyi, kuma gidansa na da tsakar gida a buɗe.

Darasin da aka saya da rayuka

A Turai masu haƙar kwal da masu jirgin ƙarƙashin ƙasa ne suka fara ɗanɗana kuɗar lamarin. Ranar 18 ga Nuwamba, 1987, gobara ta tashi a ƙarƙashin wata matakala mai tafiya da kanta a tashar King's Cross da ke Landan. Ɗan sandan da ya ga wutar yana da rediyon hannu, amma rediyon ba ya aiki a ƙarƙashin ƙasa, sai da ya hau sama kafin ya iya sanarwa. Mutum 31 suka rasu. Rahoton binciken da Desmond Fennell ya jagoranta, wanda ya fito a 1988, ya ba da shawarar a gyara hanyar sadarwar 'yan sanda da 'yan kwana-kwana a cikin tashoshin. Irin wannan ta sāke faruwa a birnin New York ranar 11 ga Satumba, 2001, inda rediyon 'yan kwana-kwana ya yi ta yankewa a cikin dogayen benayen ƙarfe da kankare, da yawansu ba su ji umarnin fita ba. Jami'an kashe gobara 343 suka mutu a ranar.

Maganin da aka fi dogara da shi a ramuka da tashoshin ƙarƙashin ƙasa ya bunƙasa ne a ma'adinan kwal na Ingila da Beljiyam a shekarun 1970. Waya ce mai kauri wadda aka yi wa rigarta ta ƙarfe ƙananan tsagu da gangan, a shimfiɗa ta tsawon ramin. Saƙo yana bin cikinta yana ɗiga ta tsagun kamar tiyon ban-ruwa da aka huhhuda, kuma ta nan take karɓar maganar mai rediyon hannu ta kai waje. Ana iya kiranta waya mai yoyo. Hikimar ita ce an daina dambe da dutse, an zagaye shi. Bahaushe ya riga ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Injiniya dai tsagar yake yi da kansa.

Sabis ya zo, bango na nan

Kafin 2001 layukan tarho da ke aiki a Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun shekarar, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta, Glo ta biyo a 2003. Igiyoyin da aka fara da su na megahaz 900 ne da 1800, tsawonsu kimanin santimita 33 da 17. Nan take sababbin maganganu suka shigo bakin jama'a: “babu sabis”, “sabis ya ɗauke”, “bari in fita waje”, “ƙarfen sabis”. Mutanen ƙauye suka san tudun da ake hawa a yi waya, mutanen birni suka san tagar da ake tsayawa. A Kano kasuwar Farm Centre ta zama matattarar masu sayar da waya da masu gyaranta.

Wi-Fi ya zo da nasa rauni tun daga haihuwa. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta bar wasu zanguna a buɗe ga kowa ba tare da lasisi ba, ciki har da gigahaz 2.4, bisa sharaɗin a yi magana da ƙaramar murya don kada maƙwabta su dami juna. An fitar da ƙa'idar farko a 1997. A ƙasashe da dama iyakar ƙarfin da aka yarda a wannan zango shi ne kashi ɗaya cikin goma na wat guda. In aka kwatanta da kilowat 500 na Moyabi, bambancin ninki miliyan 5 ne. Igiyar kuma santimita 12.5 ce, ta gigahaz 5 kuwa santimita 6. Ga ƙaramar murya, ga gajeriyar igiya, ga kankare: an haɗa wa abin duk dalilan faɗuwa.

Akwai kuma amsa-kuwwa. A cikin ɗaki igiya tana bugun bango da rufi da kabad ɗin ƙarfe, ta iso wurin mai karɓa ta hanyoyi da yawa, wata na bin wata, har saƙon ya cakuɗe kamar wa'azi a masallacin da lasifikokinsa ba su daidaita ba. Wasu masana a hukumar bincike ta Ostareliya, CSIRO, ƙarƙashin John O'Sullivan, waɗanda asalin aikinsu sauraron igiyoyin da ke zuwa daga taurari ne, suka yi rajistar wata dabara da Amurka ta ba lasisi a 1996. Maimakon a aika saƙo guda da gudu, sai a raba shi kashi-kashi a aika a hankali ta ƙananan hanyoyi masu yawa a lokaci ɗaya, a haɗe su a can. Wannan ya magance cakuɗewa a cikin ɗaki. Bai ƙara wa igiya ƙarfin huda dekin ba.

Muhimmancin lamarin ya fito fili a farkon 2023. Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci daga Janairu har bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 3 ga Maris, ciniki ya koma kan tura kuɗi ta waya da POS. Yawancin cikas ɗin makonnin daga cunkoson na'urorin bankuna ne, wannan ba a musu. Amma a kasuwanni irin su Kantin Kwari, inda benaye suka maye gurbin rumfuna, shago na jikin shago, kowanne da ƙyauren ƙarfe da tarin diloli har rufi, mai shagon ciki ya fi na bakin titi shan wuya. Na'urar POS layin waya ne a cikinta, abin da ya hana waya shi ke hana ta.

Wasu suka koma ga na'urar ƙara ƙarfin sabis: eriya a saman bene, waya ta ratso bango, wata eriyar a cikin shago. Dabarar daidai take, amma na'urar banza tana mayar da hayaniya ga ƙarfen sabis ta ɓata wa unguwa guda, shi ya sa NCC ta sha gargaɗin cewa kafa ta ba da izini ba laifi ne. A ofisoshi da makarantu da otal-otal kuwa, ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya ƙara wa na'ura guda murya. Yakan ja waya daga ɗakin na'urori, ya huda bango, ya maƙala ƙaramin akwati a rufin kowane zaure ko baranda, kusan yadda ma'aikatan 1944 suka yi. Magina masu hangen nesa sun fara binne bututun roba na wayar intanet tare da na lantarki kafin a zuba dekin, domin huda kankare bayan ya bushe ya fi tsada kuma yana iya taɓa rodi.

A watan Disambar 2021 NCC ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 don fasahar 5G, MTN da Mafab suka saya a kan dala miliyan 273.6 kowanne, kuma Kano na cikin birane bakwai da MTN ta fara da su a 2022. Tsawon wannan igiya bai kai santimita 9 ba. Wanda ya sayi akwatinta ya kai gida, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya ajiye shi a bakin taga, ta ɓangaren da ke fuskantar ƙarfen sabis.